Allo, Rukuni ko Ɗakin Gwaji: Wace Hanya Malamin Kemistiri Zai Kama?

Wata ranar Talata na shiga ajin SS2 ɗauke da ƙaramin risho da bika ta gilashi. Na zuba ruwa na ɗora, muka zuba ido har ya tafasa, kumfa na tasowa daga gindin bikar ɓul-ɓul tana fashewa a sama. Sai na ce, "To, wannan kumfar, mene ne a cikinta?" Galibin ajin suka ce iska ce. Yara uku ko huɗu, waɗanda su ne ke cinye jarrabawata, suka ce oksijin ne da haidirojin, tunda ai ruwa H₂O ne, zafi ya raba shi biyu. Can a bencin baya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ba tururi ba ne?" Ita kaɗai ta faɗi daidai, kuma ko ita ba ta sakankance ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na koyar da wannan babi, sun kwafe shi, sun ci tambayoyinsa a takarda. Daga baya na gane ba yaranmu kaɗai ba ne. A 1983 Roger Osborne da Mark Cosgrove sun yi wa 'yan makaranta a ƙasar Niyu Zilan wannan tambaya, suka sami amsoshin nan sak: iska, zafi, oksijin da haidirojin. A 1991 George Bodner na Jami'ar Purdue a Amurka ya gwada ta a kan waɗanda suka riga suka gama digirin farko a kemistiri suka shigo karatun gaba, ya tarar a cikinsu ma akwai masu wannan kuskure.

Na kawo labarin nan ne saboda tambayar da ƙannenmu sababbin malamai ke yawan yi mini. A kwaleji an ce musu koyarwar allo tsohon yayi ce, a bar yaro ya gano da kansa. Sun zo sun tarar da aji mai mutum 70 ko 80, darasi minti 40, manhaja mai tsawo, ga WAEC da NECO na jira a bakin ƙofa. Su tsaya gaban allo, su raba yara rukuni-rukuni, ko su dage sai an gyara ɗakin gwaji? Masu bincike sun shafe shekaru da dama suna auna waɗannan hanyoyi, kuma abin da suka gano zai iya rage wa malami wahalar lalube.

Amma kafin a kwatanta sai an san ma'aunin. Marigayi Alex Johnstone na Jami'ar Glasgow a Sikotlan ya nuna tun 1982 cewa kemistiri hawa uku ne. Akwai abin da ido ke gani: an zuba gishiri a ruwa, ya ɓace. Akwai abin da ido ba ya gani: ƙwayoyin sodiyam da kulorid sun rabu, ƙwayoyin ruwa sun kewaye kowanne. Akwai kuma alamomin da ake rubutawa, Na⁺ da Cl⁻. Malami ya saba, yana tsallakawa daga hawa zuwa hawa cikin numfashi guda bai ma sani ba, yaro kuwa an bar shi a hawan farko yana kwafar na uku. Johnstone ya kuma ja hankali cewa ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. A binciken da ya yi da El-Banna a 1986 sun ga yara na jure tambaya mai matakai kaɗan, amma da matakan sun haura biyar ko shida sai yawan masu ci ya rikito gaba ɗaya. Saboda haka abin da nake tambayar kowace hanya biyu ne: tana haɗa wa yaro hawa ukun nan? Tana kuma ɗora masa kaya daidai wuyansa?

Allo da alli

Abubuwa biyu ake kira koyarwar allo, kuma ba su haɗa dangi ba. Na farko shi ne a ba monita littafi ya cika allo, yara su kwafa, malami ya karanta musu abin da suka kwafa, a buga ƙararrawa. Wannan ba ya cikin gasar ma. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce 225 da aka yi a kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda malami ke zuba lacca ɗalibai na sauraro kawai, kashi 33.8 cikin ɗari ne ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai su yi aiki da kansu a cikin darasin, su amsa, su warware, su yi muhawara, masu faɗuwa kashi 21.8 ne, makin jarrabawa kuma ya ƙaru da kimanin kashi 6. A jami'a aka yi wannan awo, amma idan zallar sauraro na kayar da baligin da ya zaɓi fannin da kansa, ina ga ɗan shekara 15?

Na biyu kuwa shi ne bayani kai tsaye, daki-daki, da misali, ana yi ana tsayawa ana tambaya. Wannan yana da hujja mai ƙarfi a bayansa, kuma ina takaicin yadda ake sa sababbin malamai jin kunyarsa. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun fitar da wata muƙala da ta tayar da ƙura, suna cewa sabon shiga da aka saki ya gano da kansa ba tare da jagora ba, ƙwaƙwalwarsa na ƙarewa ne a lalube, ba ta samun sararin koyo. A 2011 Louis Alfieri da abokansa suka haɗa nazarce-nazarce 164, suka ga bayani kai tsaye ya fi sakin yaro haka nan, sai dai binciken da malami ke jan ragamarsa, da tambayoyi da gyara nan take, yakan fi sauran hanyoyin.

Inda allo ya fi kowa shi ne lissafi. Ɗauki dutsen da ake yin siminti da shi, CaCO₃. Idan aka gasa giram 100, ana samun giram 56 na CaO da giram 44 na kabon dayoksaid. Ba yadda yaro zai zauna ya ƙago wannan hanyar lissafi da kansa a minti 40. Abin da binciken Sweller ya nuna tun tsakiyar shekarun 1980 shi ne sabon shiga ya fi koyo idan aka warware masa misali cikakke ya bi sawu. Ni yadda nake yi: misali na farko in warware shi duka ina faɗin dalilin kowane mataki. Na biyu, giram 50, in bar musu matakin ƙarshe. Na uku, giram 25, in bar biyu. Na huɗu in sauya sinadarin in koma gefe. Sai dai wannan na sabon shiga ne. Ɗan SS3 da ya riga ya iya, idan ka tsare shi kana warware masa misali, lokacinsa kake ci, tambayoyi yake bukata ya fafata da su.

Raunin allo ɗaya ne, kuma babba ne: ba ka ganin abin da ke cikin kan yaro. Ka ce "Kun gane?" su amsa "Eh, Malam," domin tarbiyyarmu ba ta bar yaro ya ce wa babba bai fahimce shi ba. A 1987 Susan Nurrenbern da Miles Pickering sun ba ɗaliban jami'a tambayoyi bibbiyu a kan abu guda, ɗaya ta lissafi, ɗaya ta zane inda za a nuna yadda ƙwayoyin gas ke zaune a cikin tulu. Da yawa suka ci ta lissafin suka faɗi ta zanen. Sun haddace hanyar, ba su san me suke lissafawa ba. Yarana masu cewa zafi ya raba ruwa biyu, ajinsu ke nan.

Kada a ɗauka ina kushe hadda. Alamomin sinadarai da cajin ayon, wato ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, dole a haddace su, wanda bai san SO₄ na ɗauke da caji biyu ba ba zai rubuta komai daidai ba. Kuma a nan mutanenmu ba baƙi ba ne. Almajiri ba ya wanke allo sai ya juya shi ya biya da ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun auna abin da ya yi kama da haka: waɗanda suka yi ta maimaita karanta wani rubutu sun tuna kashi 40 bayan mako guda, waɗanda suka karanta sau ɗaya suka yi ta ƙoƙarin tunowa da ka sun tuna kashi 61. Minti biyar na farkon kowane darasi, littafi a rufe, tambaya uku daga makon jiya da watan jiya. Ba ya cin ko kwabo.

Rukuni-rukuni

Sanannen tsarin aikin rukuni a kemistiri shi ne wanda ake kira POGIL. Richard Moog da James Spencer da John Farrell ne suka fara shi a 1994 a Kwalejin Franklin da Marshall ta Amurka. Ba a tara yara a ce "ku tattauna" ba ne. Ana zaunar da mutum uku ko huɗu, kowa da aikinsa: mai kula da lokaci da tafiyar aiki, mai rubutu, mai faɗin amsar rukuni, mai lura da yadda aka yi aikin. Ana ba su takarda mai ɗauke da zane ko jadawali, da jerin tambayoyin da aka tsara kamar matakala.

Misali, jadawali mai layi uku: kabon-12, kabon-13, kabon-14. Kowanne furoton 6, niyutiron kuwa 6, 7, 8, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atam. Tambayar farko: me suka yi tarayya a kai? Ta biyu: a ina suka bambanta? Ta uku: daga ina lambar nan 12 ko 13 ko 14 ta fito? Sai an kai nan ake gaya musu sunan abin, aisotof, a ce su rubuta ma'anarsa da kalmominsu. Ran da na fara gwada wannan na tsaya kusa da wani benci, na ji yaro na ce wa ɗan'uwansa, "Kai, haɗawa ake yi, shida da takwas ai sha huɗu ne," yana buga yatsa a takardar. Bayan wata biyu bai manta ba.

Alkaluma fa? A kwalejin da aka fara, masu samun maki mara kyau ko faɗuwa ko janyewa daga darasin sun ragu daga kusan kashi 22 zuwa kusan kashi 10. A 2017 Lindsey Walker da Abdi-Rizak Warfa sun tattara nazari 21 da suka shafi ɗalibai 7,876. Sun ga ƙarin maki ɗan kaɗan ne, ba abin a buga ganga ba, amma haɗarin faɗuwa ya ragu da kashi 38. A karatuna, wannan na nufin tsarin ya fi amfanar yaron da ke bakin rami. Haziƙi zai ci ko ta wace hanya, na tsakiya da na baya ne ake cetowa.

Tsadarsa kuwa ba ƙarama ba ce, gara a faɗa. Azuzuwan kwalejin can mutum ashirin da 'yan kai ne. Kai mai yara 80 rukuni 20 ke gare ka, ba za ka zagaya su duka ba kafin lokaci ya ƙare. Ga kuɗin hoton takarda, ga benci da ba ya juyawa. Babin da allo zai cinye a darasi ɗaya, rukuni na iya cin biyu. Idan ba ka raba aiki ba, mai ƙoƙari ɗaya zai amshe takardar sauran su zama 'yan kallo, kuma a makarantar da ake cakuɗa maza da mata na sha ganin yarinya mai kai ta yi gum da an sa ta cikin samari uku. Mafi wuya duka shi ne rubuta tambayoyin. Matakalar da ta ɓace da taki ɗaya, a nan yara za su tsaya cirko-cirko.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa sabon malami ba: yaran ba lallai su gode maka ba. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa sun raba ɗaliban fiziks na Jami'ar Harvard gida biyu, darasi iri ɗaya, wasu aka yi musu lacca mai daɗin sauraro, wasu aka sa su aiki. 'Yan lacca suka ce su sun fi ƙaruwa. Da aka yi gwaji sai 'yan aikin suka fi su ci. Gumin tunani ne suka ɗauka rashin fahimta. Haka zai faru a ajinka, wani yaro zai ce sabon malamin nan ba ya koyarwa, uba ya buɗe littafi ya ga ba rubutu da yawa, shugaban makaranta ya wuce ya ji hayaniya. Ka yi musu bayani tun kafin ka fara, kuma ka rufe kowane aikin rukuni da taƙaitaccen rubutu a allo wanda kowa zai kwafa.

Tsakanin allo da rukuni akwai wata hanya da na fi ba mai babban aji shawarar ya fara da ita. Eric Mazur na Harvard ne ya yaɗa ta tun farkon shekarun 1990. Ka yi bayani na minti goma, ka rubuta tambaya guda mai zaɓi huɗu, wadda kuskuren da ka san yara na yi ke cikin zaɓin. Kowane yaro na da takarda da ya ninke ya rubuta A, B, C, D manya-manya. Kowa ya yi tunani shi kaɗai, a ɗaga tare. Idan aji ya rabu, ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, minti biyu, a sake ɗagawa. Kallo ɗaya za ka yi ka ga kawunan mutum 80. Da na san wannan tun farko, da ban kai SS2 ban san abin da yarana ke zato game da tafasar ruwa ba.

Ɗakin gwaji

A nan ne na fi son a tsaya a yi tunani, domin a nan kuɗi ke tafiya, a nan kuma zato ya fi yawa. Muna cewa gani ya kori ji, shi ya sa duk aka tashi maganar faɗuwar yara a kemistiri sai a ce ai babu ɗakin gwaji, kamar da an gina shi magana ta ƙare. Bincike bai goyi bayan wannan zato yadda muke so ba. A 2008 Ian Abrahams da Robin Millar sun zauna cikin darussan gwaji 25 a makarantun sakandaren Ingila, inda kayan aiki ba matsala ba ne. Sun ga yara na bin umarni tsaf, suna haɗa abin da aka ce su haɗa, suna ganin abin da ake so su gani. Amma daga baya abin da suke tunawa shi ne me suka yi da hannunsu, launi kaza ya fito, wani abu ya yi ƙara. Dalilin faruwarsa, wanda shi ne darasin, kaɗan ne ya zauna. Idan ka tuna maganar Johnstone ba abin mamaki ba ne. Yaron da ke fama da riƙe fifet, siririn bututun gilashin da ake ɗibar ruwa daidai awo da shi, yana tsoron fasa gilashi, yana karanta mataki na biyar, ba shi da sauran wuri a kansa na tunanin ƙwayoyin da ba a gani.

Gwajin da malami ke yi a gaban aji yara na kallo ma bai tsira ba. A 2004 Catherine Crouch da Mazur da abokansu sun gano ɗaliban da suka kalli gwaji kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba iya bayanin dalilinsa. Waɗanda aka ce su yi hasashen sakamakon kafin a yi, su ne suka ƙaru, alhali 'yan mintuna kaɗan hakan ya ƙara wa darasin. Richard White da Richard Gunstone na Ostireliya sun tsara wannan a matakai uku tun 1992: yi hasashe, duba, yi bayani. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga yadda yake a aikace, kuma da kayan da ke kowane gida. Na jiƙa zoɓo na tace, na zuba a kofi uku. Na ɗaga lemun tsami da ruwan kanwa na ce kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru, da dalilinsa, kafin in taɓa komai. Lemun tsami ya ƙara wa zoɓon ja. Ruwan kanwa na sauka sai ya juye kore mai duhu, aji ya ɗauki "Laaa!" Sai na ce, idan na ɗiga lemun tsami a kan koren fa? Rabi suka ce ya riga ya lalace, ba ya dawowa. Na ɗiga, ya ɗan yi kumfa, ja ya dawo. Wata ta ce, "Malam, haka Inna ke yi wa miyar yakuwa, ta jefa kanwa ta yi kumfa tsamin ya mutu." Daga bakinta muka hau allo, muka zana ƙwayoyin asid irin na lemun tsami da na alkali irin na kanwa suna haɗuwa, sannan muka rubuta alamominsu. Hawa ukun nan duk a darasi ɗaya. Haka wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga zane ya fito daga ruwan baba kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi, ya riga ya ga aikin oksijin da idonsa, suna kawai ya rage a ba shi.

To a bar ɗakin gwaji ke nan? A'a. Akwai abin da babu mai koyar da shi sai hannu. Takarda ta uku ta WAEC ta gwaji ce, yaro zai cika biret, dogon bututun gilashi mai awo a jiki da ɗan famfo a ƙasa, ya ja asid ko alkali da fifet mai cin mililita 20 ko 25, ya saki ruwa ɗigo-ɗigo har launi ya juya, ya karanta awo zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, ya maimaita har amsoshinsa su yi kusa da juna. Zai kuma gwada gishirin da ba a gaya masa sunansa ba ya rubuta abin da ya gani. Zoɓo ba zai koya masa wannan ba, kallo ma ba zai koya masa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda a makarantu da yawa sai saura mako biyu jarrabawa ake buɗe ɗakin, a kakkaɓe ƙura, yaro ya taɓa biret karon farko a rayuwarsa hannunsa na rawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka rabon aikin a wurina a bayyane yake: ɗakin gwaji na koyon hannu ne da lura, fahimtar dalili kuwa sai an gina ta kafin a shiga da bayan an fito.

Ga makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, akwai gwaji da ƙananan kaya, wanda John Bradley da cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu suka bunƙasa a shekarun 1990, UNESCO ta taimaka aka kai shi ƙasashe da dama. Farantin roba ne mai ƙananan ramuka, ana aiki da ɗigo biyu uku maimakon rabin kwalba. Sinadari kaɗan ake ci, haɗari kaɗan, ba a bukatar famfo ko gas. Ko babu farantin, fankon ƙwayar magani da aka wanke ko murfin gorar ruwa na yin aikin gwada gishiri iri-iri.

Kwamfuta kuwa maganarta gajera ce. Manhajar PhET, wadda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002, kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba intanet. Amfaninta na musamman shi ne tana nuna hawan da ido ba ya gani, ka ƙara zafi ka ga ƙwayoyi na ƙara gudu suna dukan bangon tulu. Idan kana da kwamfuta ɗaya da majigi da wuta, yi amfani da ita da sharaɗin nan na hasashe kafin a danna. Idan babu, zanen da'irori a allo, yara su ma su zana nasu, yana biyan kaso mai yawa na bukatar. Ba zan ba makaranta shawarar ta sayi majigi alhali ba ta da biret ba.

Wani abu da ya ratsa duk hanyoyin nan shi ne harshe. Cassels da Johnstone sun nuna a 1985 cewa kalmomin yau da kullum da kimiyya ta ara ta ba su wata ma'ana sun fi rikita yara a kan manyan kalmomin fanni. Mu namu ninki biyu ne. Ana jarrabawa da Turanci, yaro na tunani da Hausa, kuma Hausa na da nata tarkon. Muna cewa ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke, gishiri ya narke a ruwa, kalma ɗaya, alhali na farko biyun zafi ne ya mai da su ruwa, na ukun kuwa watsuwa ya yi cikin wani abu. Iska ma haka, da wadda muke shaƙa, da mai kaɗawa, da kowane irin gas, duk iska ne. Wataƙila wasu cikin yarana da suka ce kumfar nan iska ce sun fi kusa da gaskiya fiye da yadda na zata, ban dai bi su na tambaya "wace iskar?" ba. Ina bayani da Hausa ba tare da jin nauyi ba, ina barin rukuni su yi muhawara da Hausa, amma amsar ƙarshe a rubuta ta da harshen jarrabawa, kuma duk inda kalmarmu ɗaya ta rufe abu biyu sai na tsaya na raba su.

Idan kai ne za ka zaɓa

Duba babin da ke gabanka tukuna. Lissafin mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), daidaita ikweshan (rubutun haɗuwar sinadarai da alamomi), sunayen sinadaran kabon, dokokin gas ta fuskar lissafi: allo, misali cikakke, a riƙa janye hannu a hankali. Tsarin atam, jadawalin sinadarai, yadda atam ke ƙulluwa da ɗan'uwansa, duk inda akwai tsari da yaro zai iya hangowa daga jadawali: a nan takardar rukuni ke biyan wahalarta. Asid da alkali, saurin haɗuwar sinadarai, tsatsa, sauyin ruwa zuwa tururi: gwaji a gaban aji, da hasashe a rubuce kafin a fara. Awo da biret da gwada gishiri: hannun kowane yaro, ba wakilci.

Sannan ka dubi kanka da ajinka. Idan shekararka ta farko ce kuma yaranka sun haura 60, kada ka fara da rukuni. Ka gyara bayaninka, ka yanka shi gajere-gajere, ka shigo da takardar A, B, C, D da tambayoyin tunowa na farkon darasi. Zango ɗaya a haka, sai ka gwada takardar rukuni guda a babin aisotof, 'yan benci ɗaya su juyo su fuskanci na bayansu. Idan ta yi kyau ka ajiye ta, baɗi ka ƙara biyu, ku riƙa musaya da malaman makarantun kusa ko a taron ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN. Wanda ajinsa bai wuce 35 ba kuma ya daɗe a aikin, shi zai iya mai da rukuni abin kowane mako.

Idan kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta ba ka ɗan kuɗi ta ce ka zaɓi abin da za a saya, ni biret da fifet zan fara saye, gwargwadon yadda mutum huɗu za su samu ɗaya, sai tabarau na kare ido, sai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari, sauran canjin a sayi rim na takarda. Asid mai ƙarfi kai kaɗai za ka sirka shi, yara ba sa wurin, kuma asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Biret ɗin kuwa kada a kulle shi a kabad a jira SS3. Tun zangon farko na SS1 a ba yaro ya cika shi da ruwan randa, ya durƙusa idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta, ya saki ɗigo goma, ya sake karantawa.